Kwamfutar duba mota a ƙaramin gareji

Yanzu a Farin Gada da ke Jos, da fitilar inji ta kama, mai mota ba ya tambayar komai sai "Oga, kuna sa kwamfuta?" Ka ce babu, ya ja motarsa zuwa gaba. Shi ya sa na shiga neman na'urar.

Masu arhar nan na ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, inji kawai suke karantawa. Birkin ABS, jakar iska, giya mai canza kanta, yawanci ko oho. Ga direba sun isa, amma ga gareji sam.

Mu nan Jos aikinmu rabi Toyota da Honda 'yan Beljiyam ne, sai Peugeot 406 da ta ƙi mutuwa. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2 mai fil 16, inda ake jona na'urar, yawanci a ƙasan sitiyari, amma ba kowace na'ura ce ke shiga cikin kwakwalwar Peugeot ba. Sai da na sa mai kaya ya gwada a kan 406 a gabana kafin mu yi ciniki. Na kuma tambayi kuɗin sabunta manhaja, domin na'urorin kamfanoni irin su Autel da Launch bayan lokacin kyauta sai ka biya.

Jiya wata Corolla ta nuna P0171, lambar da ke nufin iska ta yi wa mai yawa a inji. Yarona har ya ɗauko sifana zai cire sensa. Na ce dakata, muka duba alƙaluman da injin ke bayarwa yana aiki. Ashe robar iska ce ta tsage a bayan filta.