Ruwa na zuba, famfo a bushe

Daren da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na tashi da asuba na murɗa famfo, ina sa ran an sassauta dokar taƙaita ruwa. Ko ɗigo babu. Tsakar gida kuwa sai da na naɗe ƙafar wando kafin in ratsa. Raina ya ɓaci, na ɗauka raina mana hankali kawai ake yi.

Haushin nan ne ya sa na fara auna ruwan sama da kaina. Na samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, na kafa shi a fili nesa da bango da bishiya, kullum da safe in zura rula in rubuta. Na roƙi wani abokina da ke zaune bayan tsauni, kusa da dam ɗin da muke sha, shi ma ya riƙa yin haka. Da muka haɗa littattafanmu sai jikina ya yi sanyi. Ranakun da gwangwanina ya kusa kaiwa rabi, nasa ko gindinsa bai rufe ba. Ashe iska mai ɗauke da danshi idan ta hau tsauni sanyi take yi, kusan digiri 6.5 a kowace kilomita da ta hau sama, sai ta sauke ruwanta a gefen da ta fara bugawa, ta gangara ɗaya gefen a bushe. Mu ne a gefen ruwa, dam ɗin yana can.

Ko da ya sauka a can ɗin ma, ruwa mai ƙarfi a kan ƙasar da ta ƙeƙashe gudu yake yi, ya kwashi laka ya zuba a dam, dole matatar ruwa ta rage aiki har ya kwanta. Yayyafin da ke wuni yana ratsa ƙasa shi ke ciyar da rijiyoyi.

Daga nan na koma kan rufin ɗakina. Ruwan sama mai zurfin milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufin murabba'in mita 60 ne, ke nan ruwan milimita 25 zai ba ni lita 1,500. Mutanen birnin Cape Town na Afirka ta Kudu lita 50 aka ƙayyade wa kowannensu a rana lokacin farin 2018, ke nan lita 1,500 ɗin nan ruwan wata guda ne ga mutum ɗaya, ni kuwa shekara da shekaru ina kallon irinsa yana bin kwata.

Na sa indararo da tanki, amma na yi garaje. Ruwan farko duk na tara, da ƙurarsa da kashin tsuntsaye, ban kuma rufe bakin tankin ba. Cikin mako guda ya fara wari, ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a sama. Da hannuna na zubar da shi duka, abin ya yi mini ciwo. Yanzu ina barin ruwan farko ya wanke rufi tukuna, bakin tankin da raga da murfi, na sha kuma sai an tafasa. Ranar da aka ɗauke famfo, daga nan muke wanki da ban-ruwan shuka.