Lissafi ma yana da isnadi

Bayan girbin bara wata ƙungiyar manoma da ke ajiye gero a magazu tsakanin Mirya da Matamai ta ba ni aikin haɗa mata manhaja. Tsarinsu sananne ne a nan Damagaram: manomi ya kawo buhunansa lokacin da hatsi ke araha, a ba shi bashi a kansu, idan farashi ya tashi da bazara ya biya ya kwashi kayansa. Na zuba komai cikin rumbun bayanai na PostgreSQL, ina ganin na gama.

Ran nan a ofishinsu da ke Zango, shugaban ƙungiyar, dattijo ne mai karatun zaure, ya dubi allon kwamfuta ya ga jimlar wata magaza ta zarce abin da ke littafin mai kula da ita da buhu 12. Ya ce, "Ɗana, wa ya faɗa wa na'urar taka wannan?" Na ce lissafi ta yi, Baba. Ya ce, "Hadisi ma sai da isnadi ake karɓarsa, balle adadin geron mutane."

Kwana biyu ina tono. Ashe wani manomi an yi masa rajista sau biyu da lamba ɗaya, sunansa ɗaya da rubutun Faransanci, ɗaya da na Hausa. Duk sanda umarnin JOIN ya haɗa teburin ajiya da na mambobi, layin buhunansa sai ya auri layi biyu, ya haifi ninki. SUM kuwa, wato umarnin tara jimla, ba ta tambaya, abin da ta tarar take tarawa, ta miƙo adadi ɗaya fes, babu alamar inda ya fito. Da ba a gano ba, mai kula da magazar za a ce ya ci amana.

A nan na koma karatu. Tun 2001 wasu masana ilimin kwamfuta, Buneman, Khanna da Tan, suka raba tambayar asalin bayani gida biyu: waɗanne layuka ne suka sa wannan sakamako ya bayyana, kuma daga wane gurbi aka kwafo wannan ƙima. A 2007 Green, Karvounarakis da Tannen na Jami'ar Pensilbaniya suka ƙara ta uku, wato ta yaya. Dabararsu ta burge ni don sauƙinta. Kowane layi a ba shi alama. Inda aka haɗa layuka biyu a ninka alamominsu, inda hanyoyi biyu suka kai ga amsa ɗaya a tara su. Da ina da wannan, da na ga alamar ajiyar mutumin nan ta fito sau biyu tun daren farko.

Akwai ProvSQL da ake ɗora wa PostgreSQL don wannan aiki, amma ni abin da na yi bai kai can ba. Kowace jimla yanzu tana tafe da jerin lambobin layukan da suka haife ta, kowane layi kuma da wanda ya shigar da shi, da ranar, da shafin littafin da aka kwafo. Na kuma hana gogewa. Da can idan aka gyara nauyin tiya zuwa kilo, sabon adadi yakan hau kan tsohon ya binne shi, rahoton watan jiya ya canza ba wanda ya sani. Yanzu gyara sabon layi ne, tsohon yana nan.

Ba kyauta ba ne. Rumbun ya kumbura, kuma a ƙauyen da layin salula ke zuwa yana ɗaukewa, sai na sa salsalar layukan ba ta saukowa sai an danna adadin.

Da na kai wa Baba, ya sa tabarau ya danna jimlar magazar da kansa. Sunaye suka jero, kowa da buhunsa da ranarsa. Ya bi su da yatsa har ƙasa, ya tsaya kan ɗaya ya ce, "Wannan ranar kasuwar Mirya ce, Lahadi, ba mu buɗe magaza. Kira mini wanda ya rubuta."