Asabar: daga injin niƙa zuwa Kakuri

Ina tsaka da auna masarar da za a kai inji autata ta zo ta tsaya a kaina da littafinta. Malamin Turanci ya ce su kawo ma'anonin kalmar "mill", su sa kowace a jimla. Har ta rubuta ta farko, wai nisa ne, kamar Mil Tara da muke wucewa a Kano in mun je gidan Yaya. Na ce a'a, waccan kalma daban ce, bakinmu ne ya haɗe su. Mil na tafiya kilomita 1.6 ne. Na ce ta ɗauki bokitin waken ƙosai ta biyo ni, amsarta tana bakin layi.

Ba wuta tun jiya, sai mai injin ya tayar da na man gas. Ƙara ta cika rumfar, bel yana ta faf-faf, shi kuwa gari ya rufe shi har gira. Ya ɗaga murya: "Hajiya, gari ko ɓarza?" Na ce, "Gari, Malam, na tuwo ne, a maimaita ya yi laushi." Ya juye masarar, ya ƙara ɗaure injin, yana taɓa garin da yatsu biyu. Da ya fito da ɗan tsaki-tsaki sai ya ce in yi haƙuri, dutsen ne ya cinye. Ya nuna mana wanda ya cire a makon jiya, jingine da bango: faifan ƙarfe ne zagayayye mai tsaga-tsaga. Ƙarfe ne zalla, amma dutse ya kira shi. Wannan ya tsaya mini a rai har muka iso gida.

Muna shiga yarinyar ta tambayi Inna me ya sa ake ce wa ƙarfe dutse. Inna ta ajiye carbinta. Ta ce ai su da dutse suka tashi, uwa da ɗanta: a durƙusa tun asuba, a zuba hatsi kaɗan-kaɗan, ana turawa ana janyowa, ana waƙa don gajiya ta ragu. In dutsen ya yi sulɓi sai a ɗauko maƙodi a ƙoda shi. Yarinyar ta ce, "Inna, ƙoda ba ta cikin mutum ba ce?" Ba ta taɓa jin ɗaya ƙodar ba.

Bayan azahar na zauna na bincika mata sauran. Ashe su ma Turawa daga dutsen suka faro. Kalmar daga Latin ta samo asali, daga sunan dutsen niƙa. Da suka gano yadda ruwan kogi zai juya musu dutsen, sai gidan niƙan ya ɗauki sunan. Ƙidayar da aka yi a Ingila a 1086 ta sami irin waɗannan gidaje fiye da 5,000. A 1771 Richard Arkwright ya kafa wurin kaɗin auduga a Cromford, shi ma ruwa ne ke juya injinansa, sai aka ci gaba da kiran irin wurin da sunan gidan niƙa, alhali ba ƙwayar hatsi ko ɗaya a ciki. Haka dai sunan ya bazu: wurin yanka katako, na takarda irin na Jebba, na mulmula ƙarfe irin na Katsina, duk mill ne a wurinsu.

Ina zuwa kan auduga sai Baba, Allah ya jiƙansa, ya faɗo mini a rai. A ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Tun 1957 da masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki, masaƙa ce ta raya wancan ɓangaren na Kaduna. Ina tuna jiniyar canjin aiki, da kekuna cike da titi, da ɓurɓushin auduga a hular Baba in ya dawo da safe, da turmin atamfar da yake kawo wa Inna gab da salla. Ban taɓa jin ya kira wurin da wani suna ba sai masaƙa. Yanzu in mun bi ta wajen, ciyawa ce a bakin ƙofofi. Na daɗe ban ce komai ba, har yarinyar ta ce, "Umma, in rubuta?"

Ni dai a ganina namu tsarin ya fi faɗin gaskiyar aiki. Ba mu ja kalma ɗaya ta rufe komai ba. Inda ake saƙa masaƙa ne. Na shinkafa injin casa. Na gyaɗa matsa ake yi. Tattasai da wake markaɗe. Hatsi kuma a surfa, a bushe, a wanke, a niƙa, a tankaɗe. Kowace kalma hannu ne ke yin wani abu. Abin da ya dame ni shi ne da na jero mata su, uku kawai ta gane. Ma'ana huɗu ta Turanci ta shige ta kafin la'asar, amma surfe sai da Inna ta kwatanta mata da hannu. A gidana ta tashi, kuma ni ce nake miƙa mata roba in ce "kai inji" ba tare da wani bayani ba. Wannan gyara ne da ke kaina.

Da yamma Inna ta ce a duba bayan madafa. Muka ɗage tsohuwar randa, ga uwar dutsen nan a kife, tsakiyarta ta lotsa saboda shekarun niƙa. Ɗan kuwa mun neme shi ba mu gani ba. Yarinyar ta wanke ta da soso, ta jingine ta a rana. Inna ta ce in an samo ɗan dutse ranar kasuwa, da citta da kanumfari za su fara.