Gandun maƙwaƙƙwafai a Sakaramento

Watanni huɗu na yi a Sakaramento, babban birnin jihar Kaliforniya, ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. In taso daga aikin dare, in tarar da unguwa tsit, ƙofofi a rufe, ba yara a waje, ba mai sallama. Ga wanda ya tashi a gidan gandu a Funtuwa, inda mu shida muke sa hannu a kwano ɗaya, wannan shirun ba ƙaramin ciwo ba ne.

Da barci ya ƙi zuwa sai na riƙa takawa bakin kogi da sassafe. A can na fara jin wani kuka, waka-waka-waka, kamar ana rigima a sama. Maƙwaƙƙwafai ne, baƙaƙe, da farar fuska da jar hula. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata busasshiyar bishiya da suka huda tun daga gindi har sama, kowane rami an cusa masa ƙwallon wani itace da ake kira ok (oak) guda ɗaya, daram, ko da farce ba ka iya zaro shi. Rumbunsu ke nan. Idan ƙwallon ya bushe ya motse, sai su ɗauke shi su mayar a ramin da ya fi matsewa. Bishiya ɗaya na iya kai rami 50,000, aikin kaka da kakanni.

A watan Mayu na gano sheƙarsu, wani kogo a mataccen reshe. Na zauna ina ƙirga masu kai abinci: ɗaya ya shiga, ya fito, wani ya shiga, har biyar. Wata tsohuwa da nake yawan gani da madubin hangen nesa ta lura da ni, ta miƙo mini shi. Ita ta bayyana mini cewa mazan 'yan uwan juna ne, matan ma haka, sai dai daga wani gida suke zuwa, kuma duk a kogo ɗaya suke saka ƙwai. 'Ya'yan bara ba sa tafiya, suna zama su taya reno. Ta ce tun shekarun 1970 masana ke bibiyar rayuwarsu a dajin Hastings da ke kwarin Kamel, nan cikin jihar Kaliforniya.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Macen da ba ta fara saka nata ba takan fitar da ƙwan 'yar uwarta, a taru a cinye, har sai duk sun fara sakawa tare.

Da na ba Inna labari a waya, ba kishin ne ya dame ta ba. Cewa ta yi, "Kai da wa kake cin abinci a can?" Na yi shiru. Ranar Asabar ɗin nan na dafa shinkafa da wake, na zuba a kwano biyu, na nufi bakin kogi. Tsohuwar tana nan a gindin bishiyar, 'yan tsakin sun fara leƙowa daga kogo.