Jegon da na yi ba kunun kanwa

Kwana biyar da haihuwata aka mayar da ni asibiti. Kaina na sarawa kamar ana buga min taɓarya, ƙafafuna sun kumbura har silifa ba ya shiga, ina ganin wani walƙiya-walƙiya a idona. Nas ta auna jinina, ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri kiran likita. Ya kai 170 bisa 110. Ranar suna ina kwance a gadon asibiti, a waya aka gaya min an raɗa wa 'yata suna.

Da za a sallame ni likita ya rubuta min ƙwayar hawan jini wadda ba ta hana shayarwa, ya kuma zaunar da ni da Inna. Gishiri, ya ce, kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin burodi da magi a wannan lissafin. Kanwa kuwa ko kusa. Inna ta ce, "Likita, mai jego fa ce." Sai ya yi mata bayani a hankali: kanwa cike take da sodiyam, sinadarin nan dai na gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Ya ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Inna ba ta ce komai ba har muka iso gida.

Haihuwar fari ce, don haka a gidanmu na Gangare na yi wanka, cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke shiga har ƙashi. Goggo ta zo takanas daga Bauchi domin ni. Ita ta yi wa Inna wankan jegona, ita ta yi wa yayyena nasu, kuma ta iso da kanwarta ungurnu ƙulle a bakin zane. Ruwan wanka ta yarda ta riƙa sirkawa. Batun kunu ne ta kasa haɗiyewa. "Ke 'yar nan, wace mace ce ta taɓa ruwan nono ba kanwa? So kike ki kashe min jika da yunwa?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne ya cika ta, kuma wallahi ni ma tsoron ya shige ni.

Kuskuren da na yi a makonni biyun farko shi ne na ɗauka abincin mai hawan jini yana nufin abinci lami. Ana ɗibar min miya kafin a sa gishiri da magi, in kai loma uku in ture. Rabin kwanon tuwo ma ba na ci. Jiri ya fara ɗibata idan na miƙe, yarinya na kuka da dare, ni kuma ina jin nonon ya yi laushi kamar ba komai a ciki. Goggo ta ce, "Ai ga shi nan." Wani dare na tsaya a bakin madafi ina kallon kofin kunun da ta dama wa kanta, saura ƙiris in kurɓa.

Da muka koma awo na faɗa wa nas ɗin nonona ya janye. Ta ɗora yarinya a sikeli, nauyinta ya ƙaru yadda ake so. Ta tambaye ni sau nawa take jiƙa kunzugu a rana, na ce ya fi shida. Ta ce to tana ƙoshi, kuma nono tsotso ne ke kawo shi, gwargwadon yadda aka zuƙe shi jiki ke sake tarawa. Sannan ta ce in lissafa mata abin da na ci jiya. Da na gama ta dube ni ta ce, "Yarinya lafiyarta ƙalau, ke ce kike ƙarewa." Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a kullum a kan abin da ta saba ci, ni kuwa na rage ne.

Daga ranar muka sauya tsarin girki. Kowace safiya Inna na auna rabin cokalin shayi na gishiri a murfin kwalba, shi ne rabona na yini, kuma na leda mai aidin, don mai shayarwa na buƙatar aidin saboda ƙwaƙwalwar jariri. Ba a zuba shi a tukunya. A bisa abinci nake barbaɗawa in zan ci, ɗan kaɗan sai harshe ya ji shi sosai.

Abin da ya cece ni da gaske tsami ne. Ban san yakuwa da tsamiya da lemon tsami suna rufe rashin gishiri haka ba sai da aka yi min gwaten acca, irin wanda maƙwabtanmu Birom ke yi, da yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa. Ranar na cinye kwano guda na nemi ƙari, Inna har da hamdala. Acca ba ta da nauyi a ciki, tana dahuwa nan da nan, don haka maigida ya sayo mana mudu biyar a kasuwar Katako, muka riƙa juya ta: yau gwate, gobe tuwo, jibi kunu. A madadin magi kuma sai daddawa, amma wadda aka karɓo daga hannun mai yin ta, domin wasu na zuba mata gishiri don ta daɗe. A soya albasa da yawa har ta yi ja, a sa tafarnuwa da ɗanyar citta, miyar sai ta tashi da ƙamshi. A nan ne na gane alherin zama a Jos. Ƙanena kan leƙa kasuwar Farin Gada da sassafe ya dawo da kabeji, karas, koren wake, tumatir da dankalin turawa, duk sababbin cira.

Kanwa ba a kunu kaɗai take ba, wannan ma sai da na koya. Tana cikin wake, cikin miyar kuka da kuɓewa, cikin ɗanwake. Wake sai muka riƙa jiƙa shi tun dare, ya yi laushi da kansa. Ɗanyar kuɓewa in an goga ta tana yauƙi ba sai da kanwa ba. Kilishi, tsire, kifin gwangwani da taliyar leda na haƙura da su gaba ɗaya. Masu zuwa barka kuwa ba su zuwa hannu rabbana, farfesu kula-kula, duk ya ji magi. In karɓa in yi godiya, yaran gida su sha.

Yunwar mai shayarwa ba ta jiran lokacin abinci, musamman ta ƙarfe ukun dare. Na koyi ajiye fulas ɗin kunun gyaɗa mai tsamiya kusa da gado, da ayaba, da soyayyiyar gyaɗa marar gishiri. Da hantsi kindirmo da fura, da safe dafaffen ƙwai biyu, hanta sau ɗaya a mako saboda jinin da na zubar, zogale kusan kullum. Ruwa kuwa duk sanda na sa ta a nono sai na sha kofi guda.

Ranar arba'in jinina ya sauko 130 bisa 85. Ban bar ƙwaya ba sai a wata na uku, da likita ya ce in bari, kuma har yau ina aunawa duk mako. 'Yata ta yi wata shida cur ba ta sha komai ba sai nono.

Goggo ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Har yanzu in mun yi waya takan ce da na sha kanwa da yarinyar ta fi haka ƙiba. Amma ana gobe za ta koma Bauchi na ji daka tun asuba. Yajin jego ta daka min na daban, citta, kanumfari, masoro, kimba da barkono, ba gishiri ba magi, ta cika kwalba ta miƙo min. "Ungo, 'yar nan. Na ɗanɗana, ba laifi."