Yadda na canza mastan birkin 504 ɗin mahaifinmu

Peugeot 504 ɗin da mahaifinmu ya bar mana tana cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, kuma har yau ita nake hawa idan zan je Daura gaida dangi. Wata safiya ina tsaye a cunkoson Ƙofar Ƙaura a Katsina, ƙafata a kan birki, sai na ji fedal yana nutsewa a hankali har ya kusa taɓa ƙasa, alhali ko ɗigon mai babu a tayoyin. Bakaniken da ya daɗe yana kula da ita ya ce mini, "Alhaji, robobin cikin masta ne suka gaji, man yana zillewa ta gefensu." Masta shi ne famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka fedal.

Na nemi mu yi aikin tare. Mun zuƙe tsohon man da sirinji, muka shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi domin man birki yana cin fenti, sannan muka bi notocin bututu da lallami, saboda tsatsar shekaru ta kama su kuma sufana ta gama-gari kan cinye kawunansu. Kafin mu ɗaura sabon mastan sai da muka cika shi, muka dinga tura fistin har kumfa ta daina fitowa. Daga nan muka fitar da iska taya bayan taya, muka fara da na baya na dama wanda ya fi nisa da masta, ina takawa ina riƙewa, shi kuma yana kwance yana buɗe noti. Man birki nau'in DOT 4 muka zuba daga sabuwar kwalba, tunda wadda aka daɗe da buɗewa takan sha danshi.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne, domin ni na hana a tsaya auna sandar da ke tura fistin, ina sauri. Washegari na kama hanyar Daura, ban kai Mashi ba na ji ƙauri, motar kuma ta yi nauyi kamar ana jan ta ta baya, na tsaya na tarar wilin gaba ba ya taɓuwa don zafi. Sandar ta ɗan yi wa sabon mastan tsawo, fistin ba ya komawa mazauninsa, sai ya toshe ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma tulun ajiyarsa, birkin ya riƙe kansa. Na jira ya huce a gindin wani darbejiya, na lallaba zuwa gareji, muka rage tsawon sandar har fedal ya sami ɗan wasa kafin ya kama.