Jikka bakwai da na rantse a kansu

Wata uku na yi ina gaisawa da maƙwabcina da baki kawai, zuciya a ƙulle. Kafin azumi ya ɗauki shinkafa da mai a shagona da ke unguwar Zariya, kayan jikka bakwai. Bayan Sallah na tuna masa, sai ya dube ni ya ce, "Haba Alhaji, ai na biya ka tun goman tsakiya." Ni kuwa ina ganin ranar a idona tar: ya zo bayan la'asar da shuɗiyar shadda, ya jingina babur ɗinsa da bishiyar dogon yaro, ya ce in yi haƙuri sai bayan Sallah. Har ƙamshin turarensa ina ji. Na faɗa wa uwargida, na faɗa wa abokai a majalisa, kuma duk faɗa sai labarin ya ƙara kyau.

Ranar wata Asabar yaron shagona yana neman lissafin sukari a tsohon littafin bashi, sai ya miƙo mini shafi ba tare da ya ce uffan ba. Sunan maƙwabcina, jikka bakwai, an ja layi a kai, an rubuta "ya biya". Rubutun hannuna ne. Shuɗiyar shadda da dogon yaro duk sun faru, amma bara waccan ne, a kan wani bashin da ya riga ya biya tuni. Kaina ne ya ɗauko tsohon hoto ya liƙa wa sabon bashi.

Mantuwa ba ta dame ni ba, ɗan Adam ne. Abin da ya hana ni barci shi ne yaƙinin da nake da shi. Da an kai mu gaban alƙali an miƙo Alƙur'ani, wallahi ban san abin da zai hana ni dafawa ba.

Ƙanwata da ke koyarwa a lakwal ce ta ba ni labarin wata mai bincike 'yar Amurka, Elizabeth Loftus. A 1974 ita da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hoton bidiyon haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi" juna, wasu kuma lokacin da suka "ragargaji" juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasassun gilasai. Cikin 50 da aka ce wa ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na bugu, 7 kawai. Babu gilashi ko ɗaya da ya fashe a bidiyon. Kalma guda ta dasa musu abin da idonsu bai gani ba. Ni da nake zaton kai kamar rumbu ne, ka zuba gero ka dawo ka auni geronka, ashe duk sanda ka tuna abu sake gina shi kake yi, kamar yaɓen katanga bayan damina, kuma ƙasar da ke kusa da hannunka da ita kake yaɓen. Zamana a majalisa ina maimaita labarin, yaɓe nake ta yi.

Ta kuma ambaci wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, da ya wallafa bincikensa a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa, ya tarar cikin awa ɗaya fiye da rabi ya zube, bayan wata guda kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ya rage, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya riƙewa. Wannan kam bai ba ni mamaki ba. Malaminmu na allo a Mokoyo bai taɓa jin sunan Bajamushen ba, amma ba ya barin ka wanke allo sai ka biya, kuma tilawar asuba da ta dare ba fashi. Yakan ce hadda raƙumi ce, in ba ka ɗaure ta ba da safe sai sawu. Bambancin kawai, mai tilawa yana da Mushafi da malami da za su ce masa "koma baya" in ya kauce. Ni a labarin jikka bakwai ba wanda ya ce mini koma baya, kowa kai yake gyaɗawa.

Bayan magariba na ɗauki littafin da goro na tafi gidansa. Na buɗe shafin na ce, "Malam, na zalunce ka, ka yafe mini." Ya karanta, ya yi dariya har ya dafa kafaɗata, ya ce ai ya tuna ranar sarai, don a hannun yarona ya ba da kuɗin ni ina masallaci.

Na sake duban shafin. Rubutuna ne, kuma a watan yarona yana garinsu Tasawa wajen jinyar mahaifiyarsa. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na rufe littafin na miƙa masa goro.